Ranar da Ya Aisa Ta Amsa

Duk wanda ya zauna a Yerwa, babban birnin Barno, kafin jirgin ƙasa ya iso, in dai yana da baki yana da hanci, ya san sinasir ɗin Ya Aisa. Shekara goma sha ɗaya rumfata tana jingine da tata a bakin kasuwa, ni ina sayar da kunun zaƙi da zoɓo, ita tana zuba ƙullu a kasko. Daga Zabarmari ake kawo mata shinkafa, ba ta yarda da ta ko'ina ba. In ka kawo mata wata, sai ta ɗauki ƙwaya biyu ta tauna, ta tura maka buhunka da ƙafa. Sinasir ɗinta fari tas, samansa duk ƙananan idanu, ƙasansa ja kaɗan. Sau uku na gwada koyo a wurinta. A na ukun mijina ya ɗaga abin da na soya, ya juya shi gaba da baya, ya tambaye ni ko faifai ne na zuba wa mai. Daga nan na koma kan kununa.

Sunana Turai, Bakanuwa ce ni, aure ne ya kawo ni Barno. Ya Aisa ta girme ni da kusan shekara ashirin, kuma ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai Afuno, yadda Barebari ke kiran Bahaushe. Hausarta irin ta garin ce, har ta koma ga Allah ba ta raba "ka" da "ki" ba, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. Doguwa ce, baƙa, marar yawan magana. A unguwar Ajilari take zaune tare da ɗanta Garzali, akawu a wani kamfanin gyaɗa. Mijinta Maikuɗi, tela ne mutumin Kano, ya rasu tun kafin in san ta. Ita ma ta bi shi ana tsakiyar yaƙin basasa, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ni na wanke ta.

A wani babban gida a unguwar Shehuri ta tashi, amma ba 'yar gidan ba ce. Ita ke shara, ita ke niƙa, ita ke kai wa malamai abinci zaure. Sunan Aisa ma uwargidan ce ta laƙa mata ranar da aka kawo ta, don shi ya fara zuwa mata baki. A gidan nan kira ɗaya ake yi wa yarinya irinta, na biyun da mari yake zuwa. Abin ya zauna mata a jiki har tsufa. Ko tana tsakiyar juya sinasir, ko bakinta cike da goro, ka ce "Ya Aisa" kafin ka rufe baki "Na'am" ta fito. Nakan kira ta a banza don kawai in ji, ita kuma ta harare ni ta ce Afuno ba shi da aikin yi.

Abu ɗaya ya ci mata rai duk tsawon zamanmu: ba ta san ko ita 'yar wace ce ba. Abin da take tunawa bai cika tafin hannu ba. Manyan duwatsu, akuya a tsaye kan ɗaya, wata mace tana niƙa tana haki, da yunwa. Sai jaki, an cusa ta cikin mangala, wani mutum mai warin taba yana tafe a gefe. Shekarar babbar yunwa ce, tana da shekara huɗu ko biyar. Yaren ya tafi, sunan da aka raɗa mata ya tafi, fuskar macen ma ta goge, sai hakin ya rage.

Ba kullum take maganar ba. Takan zo mata ne in tana wankin shinkafa, hannunta cikin ruwa, idonta a wani wuri.

"Afuno, sace ni aka yi, ko sayar da ni aka yi?"

"Haba Ya Aisa, shekara hamsin fa. Kina da ɗa, kina da jikoki."

"In sata ce, akwai wanda ya neme ni. In da hatsi aka musanya ni, to uwata ta ci tuwo ran nan." Sai ta tsiyaye ruwan ta ce in miƙo mata rariya.

Ba wanda ke wulaƙanta ta a kasuwa, kuma nan ciwon yake. Kowa a Yerwa yana da abokin wasa. Bafillatana mai nono takan sauke ƙwarya ta fara da Barebarin rumfunanmu, ta ce ina bayinta suke su zo su yi mata fifita, su kuma su ce baiwa ta kawo wa iyayen gijinta nono. Ni in Bazazzagi ya biyo, sai mun yi kaca-kaca kafin in zuba masa kunu. To wasan nan duk a kan "bawana" da "baiwata" yake tafiya. Wa zai ce wa Ya Aisa baiwa da wasa? In mai nonon ta zo kanta, sai ta gyara murya ta ce, "Wushe, Ya Aisa, an tashi lafiya?" cikin ladabi. Sau da yawa na ga tana bin matar da kallo, tana jin yadda ake zagin wasu ana dariya.

Wasan ƙabilu ma'aikatan da suka zo shimfiɗa hanyar jirgi ne suka fara shi, su da akawunan kamfanoni da wasu malaman makaranta. Bayan kaka ake yi, yini biyu, a wani fili mai darbejiya da yawa can wajen tasha. Sau uku kawai aka yi kafin ƙasa ta rikice, rabin waɗanda suka shirya shi suka watse. Amma wanda ya gani ya gani. Kowace ƙabila da rumfarta, da tukunyarta a gaba, da makaɗanta a baya, mai lasifika yana kiran su fage ɗaya bayan ɗaya. Barebari da manyan gangunansu da algaita, mata suna tafe a hankali suna kaɗa gyale kamar ba sa son taka ƙasa. Matan Shuwa suna wurga gashi gaba da baya har kai ma ka ji wuyanka yana ciwo. 'Yan ƙabilar Babur da abin kiɗansu na katako mai ƙahonin shanu a ƙasa. Yarabawa, Ibo, Tibi, mutanen Sudan da gurasarsu ta dawa da suke kira kisra da shayi mai kanumfari, Kwara, fararen fatan nan masu kantuna, da alawarsu mai danƙo. Har wasu samari 'yan Kwango da suka biyo ta Fallomi, can ƙetaren iyaka, da jita biyu, su ne suka fi ɗaukar hankalin 'yan makaranta. Wani Ba'indiye mai kanti ba shi da makaɗi, sai ya kawo garmaho mai juya faifan waƙa ya ajiye a kan tebur ya zauna gefensa da fuska a murtuke, kamar shi ya rera.

Mu masu abinci an ba mu gefen gabas. Ana fara kiɗa Ya Aisa ta ɗaura gyale ta ce, "Afuno, ka duba mini kasko." Ni da kowa ya san tarihina da kasko! Ta bi rumfunan ɗaya bayan ɗaya. Takan tsaya ta saurari kiɗa, kanta a karkace, sannan ta nemi a ɗan zuba mata miya ta lasa. Ba yunwa take ji ba, nema take. Tana ganin in kunne ya manta, wataƙila harshe bai manta ba. Shekarar farko ta dawo wajen la'asar ta tarar na ƙona mata rabin ƙullu, ta zauna ta ce, "Ba su zo ba." Shekara ta biyu ma haka, sai dai na rage ƙonawa.

Akwai wata ungozoma mai suna Rhoda da ke sayen sinasir a wurinta kowace safiya in ta taso daga aiki. 'Yar tsaunukan kudu ce, 'yan mishan suka yi mata karatu. Ita ta taɓa ce mata, "Mama, duwatsu da akuya ai wajenmu ne. Amma can kowane dutse da yarensa. Ƙauye biyu suna hangen hayaƙin juna, ba sa jin maganar juna." Ya Aisa ta tambaye ta duwatsun nawa ne. Rhoda ta yi dariya ta ce ba ta taɓa jin wanda ya ƙirga ba.

A shekara ta uku, wato 1965, rana ta biyu da hantsi, wata babbar mota ta shigo filin da mutum kamar talatin a baya. Wasu leburorin hanya ne suka je can ƙauyensu a kan dutse suka ɗebo danginsu, don su ma a gan su. Maza da fatar akuya a ƙugu da akayau a ƙafa, mata da lauje a hannu. Ba su da rumfa, sai suka kafa murhu a gindin wata darbejiya nesa da kowa, suka ɗora tukunya. Rhoda ta zo da saurinta ta ce waɗannan maƙwabtan garinsu ne, tana jin yarensu. Wannan karon na ce kasko ya duba kansa, na bi su.

Bayan azahar aka kira su fage. Rawarsu ba ta da ado. Zagaye suka yi, maza suna busa ƙaho, kowa da muryarsa guda ɗaya tak, wannan ya hura wancan ya karɓa, mata suna ɗaga lauje suna dira ƙafa. Akayau ɗin kawai ya ishi kunne. Ina kallon Ya Aisa ta gefen ido. Kanta a karkace, fuskarta ba ta nuna komai ba. Can ta sauke numfashi ta ce, "Ba su ba ne. Mu tafi, Afuno, ƙulluna zai yi tsami."

Mun juya ke nan mai lasifika ya yi magana, da Turanci, da Barbarci, da Hausa. Ya ce rawar girbi ce aka gani, kuma al'adar mutanen nan in sun gama, dattijon gida yakan kira sunayen mutanensa da suka mutu, don su ma su sami rabonsu na sabon hatsi. Ya roƙi jama'a a yi shiru na ɗan lokaci. Aka yi shirun, iyakar yadda Yerwa ke iya yi. Dole muka rage tafiya don kada takalmanmu su dami mutane, amma bayanmu yana ga fagen.

Wani ɗan gajeren tsoho mai furfura ya fito tsakiya da sanda. Na waiga na gan shi, ita ba ta waiga ba. Ya ɗaga murya ya kira suna. Shiru. Aka buga ganga sau ɗaya. Ya kira wani. Shiru, ganga. Haka ya bi su, ba gaggawa, kamar mai kiran mutanen da ke can ƙarshen gona. Na biyar, na shida. Sai ya kira na bakwai, suna gajere, gaɓa biyu, yana tasowa daga can cikin maƙogwaro. Na sha gwada faɗinsa, harshena ya ƙi.

"Na'am!"

Da ƙarfi ta faɗe shi, da wata siririyar murya ta yarinya wadda ban taɓa ji a bakinta ba. Ta riga ta juya gaba ɗaya, ƙafa ɗaya a gaba kamar za ta ruga. Sannan ta kai hannu ta toshe bakinta. Mai gangar ya ɗaga hannu zai buga, hannun ya tsaya a sama.

'Yan gari suka fashe da dariya, sun ɗauka wata tsohuwa ce ta rikice. Mutanen dutse ba su yi dariya ba. Matan suka zubar da laujensu suka rufe fuska, wata ta kwashi ɗanta ta yi wajen mota da gudu, mazan suka ja da baya har zagayen ya watse. Mai lasifika da ya ga abin zai lalace sai ya kira 'yan Kwango, jita ta tashi, jama'a suka koma can. Har yau in na ji ana kiran wani daga nesa, sai na tsaya cak na ji wa zai amsa.

Tsohon ne kaɗai bai motsa ba. Ya dubi Ya Aisa sau ɗaya, kallo mai tsawo, daga goshi zuwa haɓa. Sai ya kawar da kai, ya taka a hankali zuwa gindin darbejiyarsu, ya zauna ya fuskanci kututturen. Muka bi shi, ni da Rhoda da ita.

"Mama, kin san sunan ne?" in ji Rhoda.

"Ban san shi ba. Kira na ji."

Rhoda ta durƙusa ta gaishe da tsohon da yarensu. Da ya fara magana, da itacen yake yi, Rhoda tana juya mana da Hausa.

"Ya ce sunan ƙanwarsa ne kika amsa, kuma fuskarki ta uwarsu ce. Ya ce ko tsayin ma na uwar ne, shi ubansu ya biyo."

Ya Aisa ta matsa za ta zagaya gabansa. Rhoda ta riƙe mata gyale. Ta ce a wurinsu wanda aka binne ba a haɗa ido da shi, ba a yi masa magana kai tsaye, ba a cin abin da ya fito daga hannunsa. "Ni ba na bin wannan, Mama, amma haka suke." Ya Aisa ta ce ai ba a binne ta ba. Rhoda ta tambayi tsohon, ya amsa wa itacen. An binne ta. Da damina uku ta wuce ba labari, sai aka sare gungumen itace daidai tsayinta, aka naɗe shi a fatar akuya, aka yi masa kuka, aka rufe shi a bayan gida. Shi ya ɗauke shi a kafaɗa, don uban ya riga ya mutu a yunwar. Da uwar ta zo mutuwa, ita ta ce a kwantar da ita kusa da 'yarta.

Ya Aisa ta zauna a ƙasa, bayansa tana kallo. Na san tambayar da ke zuwa, kuma wallahi na so in ja ta mu bar wurin kafin ta yi.

"Rhoda, ka tambaye shi. Sace ni aka yi, ko sayar da ni aka yi?"

Rhoda ta tambaya. Tsohon ya sa ƙarshen sandarsa a ƙasa yana ta murzawa har ya yi ɗan rami. Can nesa ana tafa wa 'yan Kwango. Sai ya yi magana, doguwa, ba ya tsayawa, har Rhoda ta ɗaga hannu don ta samu ta juya.

"Ya ce ba wanda ya sayar da ke. Shi aka bar wa ke, yana ɗan shekara goma, uwarku ta tafi tonon saiwa. Kin yini kina kukan yunwa. Sai ya sauko da ke gindin dutse inda ake samun gafiya, ya zaunar da ke ƙarƙashin wata tsamiya, ya ce ki jira ya kawo miki nama. Ya samu gafiyar, Mama. Ya dawo da ita a hannu, bai tarar da ke ba, sai sawun jaki. Uwarku ta bi sawun kwana huɗu har ƙafarta ta fashe. Ya ce tun da ya zama babba a gidan, shekara talatin da wani abu, duk kaka sai ya kira ki. Yau ne kawai aka amsa."

Ba ta yi kuka ba. Ni na yi. Ita tashi ta yi, ta karkaɗe zani, ta nufi rumfarta da sauri kamar wadda ta tuna ta bar wuta. Na bi ta na tarar ta hura garwashi ta goge kasko. Sinasir shida ta soya, kuma a shekara goma sha ɗaya ban ga ta soya irinsu ba. Ta jera su a sabuwar akushi, ta zuba miyar taushe da naman da ta ajiye wa Garzali, ta rufe da faifai. Ta ɗauko da hannu biyu ta kawo, ta durƙusa a bayansa yadda ƙanwa ke durƙusa wa wa.

"Ka ce masa ƙanwarsa ta kawo abinci."

Rhoda ta faɗa. Ƙamshin ya kai masa, na ga ya haɗiyi yawu. Amma ya maida hannayensa biyu ya cusa a hammata.

Nan raina ya ɓaci. Na ce wa Rhoda ta gaya masa ni Turai na ga matattu, na wanke biyu da hannuna, ba mai soya sinasir a cikinsu. Ga mace da jininta da tsokarta, da ɗa akawu, da jikoki huɗu, ya ce gungume ne ƙanwarsa? Rhoda ta rage wani abu daga maganata, na gane daga gajartar tata. Tsohon ya amsa a hankali.

"Ya ce ya sani, shi ba mahaukaci ba ne, yana ganin inuwarta a ƙasa. Amma abin da aka rufe ba shi da ikon buɗewa. In ya ci daga hannunta, bakinsa ya ɓaci, ba zai ƙara kiran sunaye ba. Kuma ba wanda ya rage a gidan da ya san su duka. Uwarsu tana ciki, da ubansu, da 'ya'yansa uku. Ya ce ta yi haƙuri, ba zai sake barin wani da yunwa ba."

Na buɗe baki zan ƙara, Ya Aisa ta ce, "Afuno, ka yi shiru." Ta jawo akushinta gefe.

Direban motar ya fara busa ƙaho, yana son su kama hanya da sauran rana don hanyar ba kyau. Mutanen suka shiga kwashe kayansu, kowa yana yin baya-baya da inda muke, ba mai ɗaga ido. Tsohon ya miƙe ya je wurin tukunyarsu. Ya tsinci wata sakaina, ya yanko tuwon jar dawa ya ɗora, ya zuba wata miya baƙa-baƙa ta wake da ganye. Ya dawo da baya da baya, fuskarsa a wancan gefe, ya sunkuya ya ajiye sakainar a ƙasa da hannun hagu, taku biyu daga inda take. Sannan ya tafi ya tsaya jikin motar.

Rhoda ta yi ƙasa da murya. "Mama, haka ake ajiye wa waɗanda suka tafi. Rabonki ne na girbi. Ba sai kin taɓa ba."

Ni ma na ce kada ta taɓa. Na ce ke musulma, mai salla biyar, a ajiye miki abinci a ƙasa da hagu kamar kare, a tsakiyar Yerwa, mutane suna gani? In Garzali ya ji fa? Na faɗi duk abin da ya zo bakina, kuma har gobe ban ce ƙarya na yi ba.

Ta matsa ta zauna a gaban sakainar ta miƙe ƙafa. Ta yi bisimilla ta gutsira ta kai baki. Ta tauna a hankali, idonta a rufe, yadda take tauna ƙwayar shinkafa.

"Ba gishiri," ta ce. "Toka ce." Ta sake gutsira. "Haka yake, Afuno. Haka yake."

Ta ci ba ta yi mana tayi ba, ita da ko almajiri ya wuce sai ta ce bisimilla. Tuwon yana da yawa, mai nauyi, irin na masu noma, amma ta cinye shi tas, ta sa yatsa ta suɗe miyar. An gama hawa mota, saura tsohon, yana tsaye ya dafa ƙarfen baya, direba yana ta yi masa magana bai hau ba.

"Rhoda," ta ce. "Ka je ka gaya masa na ƙoshi."

Rhoda ta miƙe. Ya Aisa ta ƙara da cewa:

"Ka ce masa yarinyar da ya bari gindin tsamiya ta ci, ta ƙoshi. Ya daina nema."

Rhoda ta je ta tsaya a gefensa ta faɗa. Bai juyo ba. Sandar ta zame daga hannunsa, ya tsugunna nan jikin tayar motar, dattijo da furfurarsa, ya ɗora hannu biyu a ka yana kuka da ƙarfi irin na ɗan shekara goma. Sai da maza biyu suka sauko suka ɗaga shi suka sa a ciki.